Wa Ke Gurfanar da Ɗan Sanda a Amurka?



Ranar 4 ga Fabrairu 1999, 'yan sanda 4 sanye da farin kaya suka tarar da Amadou Diallo a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Bronx ta birnin New York. Bafulatani ne daga Gini, ɗan shekara 23, mai kasa kaya a bakin titi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat, suka buɗe masa wuta. Harbi 41, harsashi 19 suka same shi, alhali ko allura ba ya ɗauke da ita. Da aka zo shari'a, sai aka ɗauke ta daga Bronx, unguwar baƙaƙe da 'yan Latin, aka kai ta Albany. A shekarar 2000 aka wanke 'yan sandan duka.

Wannan ɗauke shari'a nake so mu tsaya a kai, don a ganina a nan wariyar ta fi ɓuya. A Amurka, mutum 12 ake zaɓowa daga jama'ar yankin su ce wanda ake tuhuma mai laifi ne ko a'a. Wanda ya sauya wa shari'a gari, ya sauya waɗanda za su yanke ta. Haka aka yi wa Rodney King. A 1991 duniya ta kalli bidiyon 'yan sandan Los Angeles suna jibgarsa da kulake, aka mayar da shari'ar Simi Valley, 10 cikin mutum 12 da aka zaɓo Turawa ne, aka sallami 'yan sandan a Afrilun 1992. Birnin Los Angeles ya kama da wuta, mutum fiye da 50 suka rasu.

Akwai kuma maganar mai gabatar da ƙara. Lauyan gwamnati na gunduma da 'yan sanda ɗan juma ne da ɗan jummai: su ke kamo masa masu laifi, su ke masa shaida a kotu kullum. Ta yaya zai wayi gari ya tuhume su da zuciya ɗaya? A 2014 wani ɗan sanda ya shaƙe Eric Garner a gaban kyamara yana ta cewa numfashinsa ya ɗauke, kuma ko gurfanar da ɗan sandan ba a yi ba.

To, me ya bambanta shari'ar George Floyd na Minneapolis? Mutane kan ce bidiyo ne. Gaskiya ne, ba don wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗaga wayarta ranar 25 ga Mayu 2020 ba, da sanarwar farko ta 'yan sandan Minneapolis ce ta zauna, wadda ta nuna kamar rashin lafiya ce ta same shi a hannunsu. Amma ai Garner da King ma suna da bidiyo. Abin da ya sauya shi ne gwamnan jihar da Minneapolis take ciki ya miƙa ragamar ƙarar ga Antoni Janar na jihar, Keith Ellison. Alƙali ya ƙi fitar da shari'ar daga Minneapolis. Sannan shugaban 'yan sandan birnin na lokacin, Medaria Arradondo, ya shiga kotu ya ba da shaida a kan yaronsa, abin da ba a saba gani ba. Yaron nasa, Derek Chauvin, wanda ya danne wuyan Floyd da gwiwa fiye da minti 9, ya samu ɗaurin shekara 22 da rabi a 2021.

Abin da ke damuna, jama'a, shi ne duk waɗannan matakai sun dogara ne ga mutanen da Allah Ya sa suke kan kujera a lokacin. Doka ba ta tilasta ko ɗaya ba. Amurka na da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kowace da tsarinta. Ƙudurin da aka sa wa sunan Floyd, wanda zai rage kariyar da ke hana iyalan mamaci kai ɗan sanda ƙarar diyya, ya tsallake Majalisar Wakilai a 2020 da 2021, ya je Majalisar Dattawa ya maƙale.