RABON GADO: ƘOFOFIN DA MAGADA ZA SU BI A BAUCHI

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata, a unguwar GRA, Bauchi.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ni dai ba lauya ba ne, ba kuma alƙali ba. Ɗan kasuwa ne, karatuna na Islamiyya ne. Abin da ya sa aka ce in yi magana, shekara huɗu na yi ina hawa da sauka a kan gadon yayana, Allah ya jiƙansa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yayana ya rasu a shekarar 2017. Ya bar mata biyu, da 'ya'ya 11, maza 6 mata 5, da mahaifiyarmu. Ya bar gida a nan tsohuwar GRA, da shago a kasuwar Wunti, da kuɗi a banki, da gona a can gida Kano. Da aka share makoki, kowa ya ji nauyin tayar da maganar gado. Aka ce a bari matan su gama takaba, wata huɗu da kwana goma. Suka gama, aka ce a bari yara su girma. To, jama'a, wannan kunyar ita ce kuskurenmu na farko.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Ƙofofi biyu ne, kuma kowace da aikinta. Kotun Shari'a ita ke faɗin wane ne magaji da abin da kowa zai samu. Babbar Kotun Jiha kuwa, a ofishinta na furobet, ita ke ba da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda ma'aikata ke kira letar administireshan. Mu mun yi wata shida muna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba.

Kafin ka je ko'ina, nemi takardar shaidar mutuwa. In a asibiti aka rasu, karɓi ta likita, ka kai ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa su ba ka tasu. Dokar 1992 ce ta ɗora musu rajistar haihuwa da mutuwa. Ka yi hotonta da yawa, domin duk teburin da ka je sai an tambaye ka.

Daga nan sai kotun Shari'a. Tun daga shekarar 2001 da Jihar Bauchi ta ƙaddamar da Shari'a, waɗannan kotuna ne suka gaji aikin kotunan yanki a kan al'amuran Musulmi. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta iko a kan gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Alƙali zai nemi shaidun da suka san mamaci da iyalinsa. Ka je da sunayen magada duka, har da matar da ke wani gari, har da jariri. In akwai mai juna biyu, a mazhabarmu ta Malikiyya ana jira ta sauka kafin a raba.

Kuma ba a fara rabo da magada. Da farko a cire kuɗin jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji ita. Mu 'yan kasuwa a nan muke shan wahala. Yayana yana bin mutane, ana binsa, amma rabin lissafin a kansa yake. Wani ya zo ya ce yana bin kuɗin buhu 40 na shinkafa, ba takarda, sai da aka kai ga rantsuwa. Waɗanda yake bi kuwa, kaɗan ne suka ji tsoron Allah suka kawo.

Bari in yi muku lissafi mai sauƙi, bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i. Mu ɗauka bayan an biya bashi an sami naira miliyan 24. Matan biyu su raba tumuni, wato miliyan 3. Uwa ta ɗauki sudusi, miliyan 4. Saura miliyan 17, kowane ɗa namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Ni ɗan'uwansa ba ni da ko sisi, tunda akwai 'ya'ya maza. Kun ga abu a fili yake. Amma da muka yi jinkiri, a 2019 mahaifiyarmu ta rasu ba a raba ba. Rabonta ya koma gadon da mu 'ya'yanta za mu raba, abin da malamai ke kira munasakha. Ni da nake tsaye a kan maganar marayu sai ga ni na zama mai rabo a ciki. Daga ranar wasu suka fara yi mini wani irin kallo.

Sai maganar banki. Babban ɗan marigayi ya je da ƙarfinsa, wai shi aka rubuta a matsayin nes-of-kin. Aka ce masa wannan suna ne na wanda za a nema in wani abu ya faru, bai mai da shi mai dukiya ba. Wani banki yakan amsa wasiƙar alƙali, wani ya ce sai takardar Babbar Kotu. Saboda haka ka fara tambayar bankin abin da yake so. A ofishin furobet za ka cike takardu, ka lissafa dukiya, a ba ka takardar da banki zai rubuta abin da ke cikin asusu, ka kawo masu tsaya maka, a buga sanarwa a jarida ko akwai mai ƙorafi, ka biya kuɗi gwargwadon dukiyar. Duk abin da ka biya, karɓi rasit. Kuɗin fansho ma irin wannan takardar ake nema. Kuma ku sani, a 2024 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'ida cewa asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba, a mayar da kuɗin wurinsa. Magada na iya nema, amma an ƙara musu tafiya.

Gidan GRA shi ma da tasa maganar. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, mu takardar zama muke da ita, wato Si-of-O. Ko alƙali ya raba, sunan mamaci na nan a takarda har sai an je Ma'aikatar Filaye. In sayarwa za a yi, sai da amincewar gwamna, kuma a biya kuɗin ƙasa da ya taru. Ɗakunan baya kuwa, babban ɗa ya ce ubansa ya ba shi kyauta. Ba shaida, kuma bai karɓa ya riƙe ba tun uban yana da rai, sai alƙali ya mai da su cikin gado.

Mu da muke zaune a nan, asalinmu Kano ko Katsina ko Zariya ko Sakkwato, akwai ƙarin abu guda. Takardar furobet ta Bauchi ba ta aiki a kan dukiyar da ke wata jiha sai an kai ta Babbar Kotun can an buga mata hatimi. Gonar Kano sai da muka je Kano.

A 2021 muka gama. Kafin nan rufin gidan ya fara yoyo, kayan shago sun narke a cefane, yarinya ɗaya ta bar makaranta shekara guda saboda kuɗi, alhali kuɗin ubanta na kwance a banki. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Saboda haka roƙona uku ne. Kowa ya sayi littafi ya rubuta bashin da yake bi da wanda ake binsa, ya sa shaidu biyu su sa hannu. Kowa ya tara takardun gida da na shago da na banki wuri guda, ya nuna wa wanda ya amince da shi. In kuma rasuwa ta auku a cikinmu, Shugaba, ina ba da shawara ƙungiya ta tura dattawa biyu bayan sadakar arba'in su tayar da maganar, tunda iyalan gida kunya ke hana su. Faɗin gado ba kwaɗayi ba ne, hakkin marayu ne.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya abin da suka bari, ya sa mu cika da imani.