Bobuwa A Hoto: Kama Da Wane Ba Wane Ba Ce



Lalle wasu za su yi mamaki da jin wai a kan ƙuda muka tara jama'a yau. To, a yi mana haƙuri. Ƙudan da muke nufi shi ne bobuwa, wadda in ta sauka a bayan sa sai ka ga ya zabura, jini na tsattsafowa.

A daminar da ta wuce ne ɗaya daga cikinmu ya ɗauki hoton wata bobuwa da wayarsa a bakin Kogin Kaduna, wajejen Malali, inda makiyaya ke shayar da shanu. Idanunta kore shar. Nan take muka yanke cewa mun gano irin da ba a cika gani ba, har muka fara tunanin sunan da za mu yi. Da muka natsu muka buɗe littattafai, sai muka tarar hoton bai nuna ko ɗaya daga cikin alamomin da masana ke dubawa ba. Daga nesa aka ɗauke shi, kuma ta baya. Kunyar da muka ji ita ta haifi wannan jawabi.

Da farko, me ya sa za mu damu da sanin irin bobuwa? Kowa ya san tsando ne ke kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne bobuwa ma tana da hannu a sammore. Macen ce kaɗai ke shan jini, domin ta yi ƙwai. In saniya ta kore ta kafin ta ƙoshi, sai ta koma kan ta kusa da bakinta jina-jina, tamkar allurar da ba a wanke ba. A 2003 masu bincike a Burkina Faso suka tabbatar cewa irin da ake kira Atylotus agrestis na ɗaukar ƙwayar Trypanosoma vivax daga wannan saniya zuwa waccan. A Kudancin Amurka ma babu tsando ko ɗaya, amma wannan ƙwaya tana kama shanu. Watau ko an kawar da tsando daga daji, makiyayi bai tsira ba.

To, ire-iren bobuwa a duniya sun haura 4,000, kuma da yawa sun yi kama ƙwarai. A nan ne hoto ke da amfani, a nan ne kuma yake da iyaka. Amfaninsa shi ne, launi da zanen idanun bobuwa sukan dushe ba da daɗewa ba bayan ta mutu, saboda haka hoton mai rai yakan adana abin da busasshiya ta rasa. Iyakarsa kuwa, sau da yawa bambancin iri biyu yana ɓoye ne a wurin da sai an juya ƙwaron a ƙarƙashin madubin likita.

Ga abin da muka koya. Na ɗaya, a tabbata ba tsando ba ne. Shi tsando in ya sauka yakan haɗe fukafukansa ɗaya kan ɗaya kamar rufaffen almakashi, bakinsa a miƙe gaba, kuma jijiyoyin tsakiyar fiffikensa sun zana siffar gatari. Na biyu, a ɗauki hoto ta sama, domin a ga zanen gadon baya da fukafukai: na dangin Haematopota dabbare-dabbare ne, na Chrysops da baƙin ɗamara a tsakiya, na Tabanus kuwa galibi garau suke. Na uku, a ɗauka ta gefe, domin a ga 'yan ƙahonin kai da launin ƙafafu. Na huɗu, a ɗauka ta gaba. Idanun namiji a haɗe suke, na mace kuwa akwai goshi a tsakaninsu, kuma siffar ɗan tabo mai sheƙi da ke wannan goshi tana cikin manyan alamomi. Na biyar, a ajiye kwabo ko ashana a gefe don a san girma, a rubuta wuri da rana da dabbar da aka same ta a kai. In da hali, a adana ƙwaron kansa a kwalba.

Bayan haka sai a nemi masana, kuma ba su yi mana nisa ba. A titin Surame da ke Unguwar Rimi akwai Cibiyar Binciken Sammore da Ciwon Barci ta Nijeriya. An kafa ta a 1947 don Afirka ta Yamma, aka buɗe ta a Kaduna a 1951, ta koma ta Nijeriya a 1964. Mu nawa ne a nan muka taɓa taka ƙofarta?

'Yan'uwa, babban littafin da ake komawa gare shi kan bobuwar Afirka, Harold Oldroyd ne ya rubuta shi a Landan, juzu'i uku, a 1952 da 1954 da 1957. Ba laifinsa ba ne in mu da muke kwana da tashi da waɗannan ƙwari ba mu ɗora a kai ba. Da ɗan gari akan ci gari. Kowannenmu yana da waya a aljihu, kuma da wuya a rasa mai dabba a danginsa. Kira muke yi, a hutun damina mai zuwa kowa ya dawo da hotuna masu cikakken bayani, mu tara su wuri ɗaya. Amma kada kowa ya ce ya gano baƙuwar bobuwa sai masani ya riƙe ta a hannu. Hoto shaida ne, ba alƙali ba.