Kumburin Muƙamuƙin Yara: Yadda Yake Farawa Da Abin Da Za Mu Yi

(Jawabin da ma'aikacinmu na raya ƙauyuka ya gabatar a taron iyaye da masu aikin lafiya na sa kai)

 

Yau zan yi magana a kan wani ciwo da wasunmu suka taɓa gani amma ba su san sunansa ba. Yaro ɗan shekara 5 ko 7 yana wasansa lafiya, sai a ga kumatunsa ya soma kumbura. A ce hangum ne, ko ciwon haƙori. Kafin mako biyu ko uku fuska ta karkace, haƙora suna girgiɗi, wani lokaci har ido ya turo waje. Wani yaron kuma ciki ne yake kumbura. Daga nan sai magana ta canja, a ce jifa ne, a soma zargin maƙwabci ko wata tsohuwa a unguwa. Ana cikin wannan rigima, yaron yana ta ƙarewa.

Wannan ciwo sankara ce, kuma likitoci suna kiranta da sunan Denis Burkitt, wani likitan fiɗa da ya yi aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, wanda ya bayyana ta a 1958. Da ya bi sawunta a ƙasashen Afirka, sai ya tarar ta fi yawa a wuraren da ke da zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Ƙasarmu tana cikin wannan yanki.

To, yaya take farawa? Ku ba ni hankalinku kaɗan.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikin ƙwaya akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma masana sun ba su lamba. A jikin zarurrukan nan ne aka rubuta umarnin duk aikin da ƙwayar za ta yi.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin B. Ana haifarsu a ɓargo, aikinsu kuma shi ne ƙera makaman da jiki yake yaƙar cututtuka da su. Da yake cututtuka iri-iri ne, dole makaman su zama iri-iri. Saboda haka ƙwayar B tana yin wani abu mai haɗari: da gangan take yanka zarenta ta sāke ɗinke shi, kamar yadda tela yake yanka yadi don ya fitar da sabon ɗinki. Tana yin haka da farko a ɓargo. Tana sāke yi kuma idan cuta ta shiga jiki, a cikin ƴan ƙulluttukan nan na wuya da hammata da matsematsi da ke kumbura mu ce kaluluwa. Almakashin da take aiki da shi a wannan karo na biyu ana kiransa AID. Masana a Japan ne suka gano shi a 1999. Sunan ne kawai ya yi kama da na cutar ƙanjamau, amma abu daban ne.

Kusan kullum ɗinkin yana tafiya daidai. Amma jefi-jefi almakashin yakan zame ya yanki zare na 8 a lokacin da zare na 14 yake a yanke. Wajen gyara sai a yi musaya, guntun na 8 ya manne a jikin na 14. A kan guntun nan akwai umarnin da ake kira MYC, mai ce wa ƙwaya ta rabu biyu ta ƙaru. A mazauninsa na asali, sai da bukata ake jin muryarsa. A zare na 14 kuwa ya faɗa kusa da wurin da ke sarrafa ƙera makamai, wanda a ƙwayar B ba ya hutawa. Kamar a ce an miƙa wa mai raɗa lasifikar da ba a kashewa. Sai ƙwayar ta yi ta haihuwa dare da rana. Wajen kashi 80 cikin 100 na masu wannan ciwo, musayar 8 da 14 ce ake samu. A sauran, zare na 8 yana yin musayar da na 2 ko na 22. Shi ya sa kumburin yake da sauri haka, domin ƙwayoyinsa suna iya ninka yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ina sauro ya shigo? Duk lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, ƙwayoyin B suna tashi aiki gadan-gadan, almakashin kuma yana ƙara yanka. Tela da ke yanka ba hutu, wata rana zai yi ɓarna. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 a Landan cikin tsokar irin wannan kumburi da aka kai daga Yuganda. Ta hanyar miyau take yaɗuwa, kusan dukanmu muna ɗauke da ita, kuma yawanci ba ta yin kome. Amma ƙwayar da ɗinkinta ya ɓaci, a ƙa'ida kashe kanta take yi. Wannan cuta ce take taimaka mata ta rayu. Zazzaɓin kuma yana raunana masu gadin jiki da ya kamata su kama ta.

Ƴan'uwa, abubuwa huɗu nake roƙo mu riƙe.

Na ɗaya, kuskuren ya faru ne a ƙwaya guda a jikin yaron bayan an haife shi. Ba gado ba ne, ba laifin uwa ba ne, ba hannun mutum ba ne. Ba a kuma ɗaukarsa wajen cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya.

Na biyu, duk kumburin muƙamuƙi, ido ko ciki da ke ƙaruwa kwana bayan kwana, a kai yaron asibiti a makon nan. Kada a yi sakiya, kada a yi tsaga, kada a cire haƙori. A nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, irin asibitocin koyarwa na Jos, Zariya da Kano, inda za a ɗebi ɗan tsoka a gwada.

Na uku, wannan sankara tana jin magani ƙwarai. Sau da yawa kumburin yakan soma sacewa cikin ƴan kwanaki da fara allurai. A nan ne iyaye da yawa suke tattara kaya su koma gida, ciwon kuma ya dawo da ƙarfi. Sai likita ya ce an gama, sannan an gama. Kuɗin mota da abincin jinya su ne suke karya iyaye, don haka zumuntar mata da ta maza su tsaya wa irin wannan gida.

Na huɗu, mu rage wa yaranmu yawan zazzaɓi. Su kwana cikin gidan sauro kowane dare, a gwada jini a ba da magani da wuri. Najeriya ta fara ba da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Disamba 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Ku tambaya a asibitin shan magani ko ta iso wurinku.

Idan kun koma gida, ku faɗa wa waɗanda ba su zo ba. Allah ya tsare mana yaranmu.