Na'ura da Yatsan Manomi

 Ranar zaɓen 28 ga Maris 2015, a Otuoke, na'urar tantance masu zaɓe ta yi ta ƙin tabbatar da Shugaba Goodluck Jonathan kansa, balle talaka. Galibi kuwa ba laifin mutum ba ne, domin idan hunturu ya busar da fata, ko fartanya da siminti suka cinye zanen yatsa, ko tsufa ya shafe shi, ko maiƙo ya dusashe gilashin da ake ɗora yatsa, to, na'ura ta rasa hujjar kamawa. Don haka a goge gilashin, a hura wa yatsa numfashi ya ɗan yi laima, a yi rajistar yatsu da dama. Wanda abin ya faskara, wajibi ne a tanadar masa wata hanya, kada a kore shi daga ƙofa.