Kaya Bai Zama Naka Ba Sai Ya Fita Ƙofar Jamarik

Jawabin kwamitin gudanarwa a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

 Muna yi wa waɗanda suka taso daga Madani da ƙauyukan Jazira, da na Sinnar da Mai Wurno da Sinja, da na Damazin da Rusairis, sannu da hanya. Kafin komai muna roƙon Allah ya jiƙan 'yan ƙungiyar nan da muka rasa, tun daga rikicin Nil Azraƙ na 2022 har zuwa yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Kujerunsu na nan babu kowa a kai, muna ganinsu.

A irin wannan rana an saba a yi ta yabon juna. Bana kwamiti ya ga ya fi kyau mu taɓo abin da ya fi kawo mana kuka a ofis, wato kayan da mutum ya saya wa kansa daga waje, ko ɗansa ya aiko masa, suka zo suka maƙale a hannun kwastan, waɗanda a nan muke ce wa jamarik. Ba kayan fatauci muke nufi ba. Wannan kowa ya san hanyarsa, da fom ɗin banki da rajistar shigo da kaya. Muna maganar famfon ban-ruwa ɗaya, faifan sola biyu, keken ɗinki, waya, kayan ɗakin amarya. Abin mamaki, mutumin da ya shekara ashirin yana fitar da buhunan riɗi ta Gallabat ba tare da tuntuɓe ba, shi ne za ka tarar firij ɗaya ya kayar da shi a Sawakin.

Mu ba baƙin iyaka ba ne. Kakanninmu sun ratso Borno da Wadai da Darfur a ƙafa suna neman Makka. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a har suka zauna a bakin wannan kogi, garin ya ci sunansa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, hannun iyayenmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar. Duk ƙasar da suka ratsa sun biya kuɗin fito da kuɗin ƙofa. Biyan kuɗi a iyaka ba sabon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya sake shi ne yanzu takarda ce ke magana, ba baki ba.

Me ya sa matsalar ta yi yawa yanzu? Dalili biyu ne. Na ɗaya, tun da aka koma Sinja a ƙarshen 2024, aka koma Madani a Janairun 2025, mutane suka tarar da gidaje an kwashe su tas, har wayar lantarki ta bango. Kowa na sake gina ɗaki daga tabarma, kuma yawancin abin da ake bukata daga Jidda ko Dubai ko Alƙahira yake zuwa, ta hannun 'ya'yanmu da ke aiki can. Na biyu, da yawanmu har yau lissafin da muke yi wa jamarik na zamanin da ya wuce ne. Kafin Yunin 2021 akwai abin da ake kira dalar jamarik, wani farashi na musamman da ake yi wa kaya ƙima da shi, wanda bai kai fam 30 ba, alhali tun Fabrairun shekarar banki ya mayar da dala daga fam 55 zuwa 375. A watan Yuni gwamnati ta soke wannan rangwame. Daga nan kuɗin da ake ƙiyasta kaya da shi ya koma bin faɗuwar fam, yana hawa lokaci bayan lokaci. Wanda ya ce maka "bara na fitar da irinsa da kaza", gaskiya ya faɗa, amma bara ta tafi da farashinta.

Bari mu yi lissafin a fili, don samari su rubuta. Jamarik ba kuɗin sayen kaya kaɗai take dubawa ba. Tana haɗa kuɗin saye da kuɗin jirgi da inshora, wannan jimla ita ce ƙimar kaya. A ce ka sayi abu dala 200, dako da inshora suka ci dala 50, ƙima ta zama 250. Kowane irin kaya yana da lambarsa a kundin haraji da kason da aka yanka masa. A ce, don misali kawai, naka kashi 20 ne cikin ɗari: dala 50 ke nan, an kai 300. Sai harajin ƙarin ƙima, kashi 17, wanda ake ɗorawa a kan 300 ɗin, ba a kan 200 ba: dala 51. Abin da ka saya 200 ya zama 351, ba ka biya mukhallis ba, ba ka biya 'yan dako da kuɗin tasha ba, ba ka ɗora shi a mota ya yi kusan kilomita dubu ta Kassala da Gadarif zuwa Madani ba. Wanda bai yi wannan lissafi kafin ya ce "a aiko" ba, ya sayi doki bai tanadi ciyawa ba. Wani lokaci idan ka gama haɗawa sai ka ga sayen abin a kasuwar Madani ya fi sauƙi, kuma in ya lalace ka san ƙofar da za ka buga.

Za mu ba ku labari uku daga cikin waɗanda suka zo gabanmu, ba tare da kama suna ba, don masu su suna zaune a nan kuma sun yarda a faɗa.

Na farko dattijo ne mai lambu a bakin kogi. Ɗansa da ke Jidda ya haɗa kuɗin wata da watanni ya saya masa famfo mai aiki da sola, ya sa a jirgin ruwa zuwa Sawakin. Da zai rubuta sunan mai karɓa, sai ya rubuta sunan da duk gari ke kiran mahaifinsa da shi. Ku kun san halinmu: mutum sunan yanka daban, laƙabi daban, wani har ya tsufa jikokinsa ba su san sunansa na gaskiya ba. A katin lambar ƙasa kuwa suna huɗu ne a jere, nasa da na uba da kaka da kakan uba. Takardar jirgi ta ce wani, kati ya ce wani. Kafin a gyara daga Jidda an kwashe makonni, kullum kuɗin ardiyya, wato kuɗin zaman kaya a tasha, yana hawa. Famfo ya iso gida bayan lokacin dashen albasa ya wuce. Babu wanda ya zalunce shi. Harafi ne ya cinye masa shekara. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya: mu da ake yawan tambaya asalinmu a kan hanya, ko da kakan kakanmu a nan aka binne shi, mu ne ya kamata takardunmu su fi na kowa tsabta.

Na biyu wata uwa ce da ke shirin aurar da 'ya. Ta aika aka haɗo mata kaya daga Dubai, 'yan'uwa da maƙwabta suka ji, kowa ta ce a sako mata nata. Da aka buɗe akwatuna sai ga wayoyi iri ɗaya guda takwas, da tufafi iri ɗaya dozin-dozin. Ta rantse ba na sayarwa ba ne, kuma mun gaskata ta. Amma jami'i ba zuciya yake dubawa ba, yawa da iri yake dubawa. Abu ɗaya ko biyu na amfanin kai ne. Takwas iri ɗaya cikin kwalinsu, a idon doka, haja ce, kuma haja tana da nata sharuɗɗa da nata takardu. Aka fitar da kayan daga babin amfanin kai, kuɗi ya ninka, maƙwabtan da suka ce a sako musu kowa ta ɗauke kai. An ɗaura auren, amma har yau akwai gidaje biyu da ba sa gaisawa.

Na uku shi ya fi tsayawa mana a rai. Yaro ne matashi, yana dawowa daga umara, wani da suka haɗu a masauki ya ba shi kwali ya ce amana ce, magungunan tsohuwa ne, za a karɓa a tasha. Bai buɗe ba, don kunya. A Sawakin aka buɗe masa. Magani ba ya shigowa da yawa sai da izinin hukumar magunguna, balle irin wanda aka samu a ciki. Mai kwali ya kashe waya. Sai da dattawan ƙungiyar nan suka yi ta zirga-zirga kafin yaron ya kwana a gida. Duk abin da ke hannunka a gaban jamarik naka ne, ko wa ya ba ka. Amanar da ba za a buɗe a gabanka ba, ba amana ba ce.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba. A ƙarshen 2021 an rufe hanyar gabas da tashar Bur Sudan fiye da wata guda. A Mayun 2022 gobara ta cinye kaya masu yawa a tashar Sawakin. Duk kwanan da kayanka ya ƙara a tasha, kwana ne na kasada. Kayan da aka bari ya wuce wa'adi kuwa, doka ta ba da dama a sa shi cikin waɗanda aka yi watsi da su a yi gwanjonsa. Saboda haka a tanadi kuɗin fitarwa tun kaya bai taso ba.

Wasu abubuwa kuma mu sani don kada mu biya abin da ba a bin mu. Sudan da Masar suna cikin ƙasashen da suka buɗe kasuwar bai-ɗaya ta Komesa a shekarar 2000. Kayan da aka ƙera a Masar, in yana da takardar shaidar asali, yana samun sauƙin haraji. Amma kayan Sin da ka saya a Alƙahira ka shigo da shi ta Argin ko Ashkit bai zama na Masar ba don ya kwana can. Haka nan waɗanda suka yi zaman aiki a waje suka dawo gaba ɗaya suna da nasu tsari ta hukumar 'yan ƙasa mazauna waje, amma da sunansu da takardunsu, ba a aro. Kayan lantarki da na abinci suna bi ta hannun hukumar Muwasafat mai duba inganci, iri da tsiro suna bi ta masu killace amfanin gona. Na'urorin sadarwa da ƙananan jirage marasa matuƙi kuwa, a wannan hali na yaƙi, kada wanda ya kusance su ba da izini a rubuce ba.

Mun san abin da wasu ke faɗa a bayan fage: a rage kuɗi a fatura, ko a bi ta daji. Mu da muke aiki a Kurmuk da Gaisan da Gallabat mun san hanyoyin dajin, mun kuma san waɗanda suka bi ba su dawo da kaya ba, wasu ba su dawo da rai ba. Fatura kuwa, jami'i yana da nasa jadawalin farashi a kwamfuta. In ya ga taka ta yi ƙasa da hankali, zai ajiye ta ya yi nasa ƙiyasi, ya ƙara da tara. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Muna da ƙorafi a kan yawan kuɗin da ake karɓa, da shingayen hanya da kowanne ke neman nasa, kuma za mu ci gaba da kai kuka inda ya dace. Amma ba za mu iya ɗaga murya a ofis ba in an san 'yan ƙungiyarmu da takardar bogi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Don haka kwamiti ya zartar da abu huɗu, muna neman amincewarku. Na ɗaya, duk wanda zai yi odar kaya na kansa ya zo ofis da hoton abin da farashinsa, sakatare ya yi masa lissafi kyauta, a kuma duba sunan da za a rubuta harafi da harafi. Na biyu, za mu ajiye sunayen masu fitar da kaya masu lasisi waɗanda muka gwada a Sawakin da Bur Sudan. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce yana da hanya, ka tambaye shi lasisinsa. Na uku, kowane kuɗi a biya shi da rasit, in ta Bankak ne a ajiye hoton saƙon, a kawo kwafi a sa a fayil. Rasit ɗin jamarik shi ne zai cece ka a shingen Haya ko na Gadarif. Na huɗu, za mu buɗe ƙaramin asusu na rance ba ruwa, don kayan sana'a da na noma da suka maƙale saboda gaza kuɗi, a fara da zawarawa da marayu. Wanda kuma aka kama da faturar ƙarya ko kayan da doka ta hana yana sane, ƙungiya za ta gaishe da iyalinsa, amma ba za ta sa hannu a takardarsa ba.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi aika saƙo, ku ne kuma kuka fi jin kunyar tambaya. Ofis naku ne, mun ware muku safiyar Talata. Samari masu saye ta intanet, farashin da kuke gani a waya rabin labari ne. Ku kuma da ke da 'ya'ya a Saudiyya da Dubai, ku karanta musu wannan jawabi, domin gyara daga can yake farawa: suna daidai, fatura ta gaskiya, jerin abin da ke cikin kowane kwali.

Kakanninmu sun iso nan da sanda da gora, suka bar mana suna mai kyau a kasuwannin ƙasar nan, har ana ba Bahaushe bashi da kalmar bakinsa. Wannan suna shi ne jarin da yaƙi bai iya kwashewa ba. Mu riƙe shi da kyau.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa, ya sa albarka a fataucinmu, ya maimaita mana.