Hanya Ɗaya, Masu Bi da Yawa: Yadda Ake Kula da Hanyoyin Shaƙatawa a Dajin Birnin Oslo

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan wuraren shaƙatawa na jama'a



Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba yadda ake tafiyar da hanyoyin shaƙatawa a dajin da ya kewaye Oslo, babban birnin ƙasar Norway, ta fuskar abubuwa biyu da suka fi jawo saɓani a can: karnuka, da gyaran hanya a lokacin hunturu. Abin da nake son nunawa shi ne, hanyar da kowa ke bi ba ta ɗorewa sai dokarta ta tafi daidai da yanayi, kuma an san wanda nauyin gyara ya rataya a wuyansa.

Dajin da 'yancin shigarsa

Mutanen Oslo na kiran dajin Marka. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,700, kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum har bakinsa, a tashar Sognsvann ko ta Frognerseteren. Ba duk dajin ne na hukuma ba, domin babban ɓangare na arewacinsa mallakar iyalin Løvenskiold ne. Duk da haka ba a hana kowa shiga. Wata doka ta 1957 ta tabbatar wa kowa 'yancin tafiya a ƙasar da ba gona ba ce ba kuma harabar gida ba, ko ta wane ne, matuƙar bai yi ɓarna ba. A 2009 kuma aka yi wa dajin dokarsa ta musamman, wadda ta shata masa iyaka ta kuma taƙaita gine-gine a cikinsa.

An raba hanyoyin da fenti a jikin itatuwa: shuɗi na masu tafiya a ƙasa ne a lokacin zafi, ja kuma na masu zamiya a kan dusar ƙanƙara. Jar hanya takan ratsa tafki da fadama, saboda a hunturu duk sun daskare. Baƙon da ya bi ta a watan Yuli, cikin taɓo zai tsinci kansa.

Dokar karnuka

Dokar karnuka ta 2003 ta wajabta riƙe kare da igiya a duk faɗin ƙasar daga 1 ga Afrilu zuwa 20 ga Agusta. An zaɓi waɗannan watanni ne don a cikinsu namun daji ke haihuwa, tsuntsaye na kwanci a ƙasa, tumaki kuma na kiwo a sake. Bayan wa'adin ana iya sakin kare, amma sai mai shi yana biye da shi kuma yana iya tsawata masa.

Dokar ta bai wa ƙananan hukumomi damar ƙara wa'adin a wuraren kiwo da sanannun hanyoyin shaƙatawa, da kuma lokacin da namun daji suka shiga matsi. Idan dusa ta yi zurfi samanta ya ɗan daskare, ƙaramar barewa mai siraran ƙafafu nutsewa take yi a kowane taku, kare kuwa mai faffaɗan tafin ƙafa a sama yake gudu. Ko bai cije ta ba, korar kaɗai na iya ƙarar da ɗan ƙarfin da za ta fita hunturu da shi. Mai karen da ya san wannan dalili ba sai an kafa masa ɗan sanda ba.

Gyaran hanya a hunturu

A hunturu ana gyara hanyoyin zamiya kimanin kilomita 2,600, aikin da hukumar birni ke rabawa da ƙungiyar Skiforeningen, wadda aka kafa a 1883, kuma kuɗin da 'ya'yanta ke biya na cikin abin da ke ɗaukar nauyin aikin. Motar gyara takan fita tun kafin gari ya waye, ta danne dusar, ta daidaita ta, ta zana layuka biyu a gefe inda katakon zamiya zai bi. Wasu hanyoyin an sa musu fitilu, don a watan Disamba rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe uku.

A nan ne rigima take. Mai takalmi ko kare idan ya taka layin nan da rana, sai ya bar rami. Dare ya yi ramin ya daskare, da safe mai gangarowa a guje ya yi tuntuɓe. Mai tafiya a ƙasa kuma na ganin dajin nasa ne kamar na kowa, kuma yana da hujja. Maimakon korarsa, sai aka share masa wasu hanyoyi dabam, inda kuma aka yi tarayya aka roƙe shi ya bi gefe. Mai kare shi ma ana son ya janye karensa daga layi ya kwashe kashinsa. Yanzu da hunturu ke ƙara ɗumi, dusa takan yi ƙaranci a kusa da gari, har ana haɗa ta da inji a wasu wurare, jama'a kuma na cunkushewa a 'yan hanyoyin da suka rage.

Kammalawa

Ba mu da dusar ƙanƙara, amma mun san abin da ke faruwa idan burtali ya rasa mai kula da shi: gona ta cinye shi, manomi da makiyayi su ƙare a gaban alƙali. Don haka ga masu tsara wuraren shaƙatawa a garuruwanmu ina ba da shawara uku. A shata iyakar fili da doka tun kafin masu gini su iso. A ɗaura kowace ƙa'ida da lokacinta, a kuma bayyana wa jama'a dalilinta. Sannan a ambaci hukuma ko ƙungiyar da za ta yi gyara, da inda kuɗinta zai fito, kafin a buɗe hanyar.