NEMAN BIZAR ZIYARA GA MATAR DA AKA AURO A INDUNISIYA

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ɗan kasuwar yadi mai zuwa Jakarta, ya gabatar a zaman ƙarshen wata. Mun buga shi ne saboda roƙon waɗanda ba su samu halarta ba.

 

  

Ni dai ba malami ba ne, ba kuma lauya ba. Shugaba ne ya ce in tashi in yi magana, saboda a 'yan shekarun nan yaranmu da ke zuwa saro kaya a Jakarta sun yawaita, wasu har sun yi aure a can, kuma kusan kowane wata sai wani ya zo shagona yana cewa an hana iyalinsa biza. To abin da ya same ni zan faɗa, don kada wani ya sake faɗawa ramin da na faɗa.

Na fara zuwa Jakarta a 2006. Duk wanda ya je ya san Tanah Abang, babbar kasuwar yadi da tufafi da ke tsakiyar birnin, inda muke saro kayan da muke kawowa nan Ikko. Ƙasa ce ta Musulmi, mutanenta sun haura miliyan 270 a ƙidayar 2020, kuma akwai kunya da karamci. A 2014 Allah ya haɗa ni da 'yar wani dattijo mai shago, lokacin ba ni da mata. Aka ɗaura aure a gidansu, da waliyyi da shaidu da sadaki, kamar yadda muke yi a nan. Na ce shi ke nan, an gama. Ashe ba a gama ba.

Dokar aurensu ta 1974 ta ce sai an rubuta aure a wurin hukuma. Na Musulmi ana rubuta shi a ofishin harkokin addini na unguwa, wanda suke kira KUA, a ba ku ƙananan littattafai biyu, ɗaya na miji ɗaya na mata. Sunan littafin Buku Nikah. Auren da aka ɗaura ba a rubuta ba, shi suke kira nikah siri. A wajen Allah aure ne, amma a teburin ma'aikaci babu shi. Ni na ga hidimar tana da yawa, sai an karɓo takarda daga ofishin jakadancinmu cewa ba abin da ya hana ni aure, sai fassara, sai kaza, na ce a bari sai wani zuwan. Wani zuwan bai zo ba har muka haifi 'ya mace, na sa mata sunan mahaifiyata.

A 2016 jikin Hajiya ya fara rauni. Kullum na shiga gaishe ta sai ta ce, "Wai yaushe za a kawo mini takwarata ne? Ko sai na mutu?" Cikin gaggawa na ba wani ɗan tsakani kuɗi ya nemo wa maiɗakina biza. Shi kuwa da ya ga ba takardar aure, sai ya cika fom cewa 'yar yawon buɗe ido ce, ba ta san kowa a Nijeriya ba, ya rubuta sunan wani otal da ba ta taɓa jin labarinsa ba. Biza ta fito. Na sayi tikiti, na gyara ɗaki, Hajiya ta sa aka yi dubulan da alkaki.

Ranar tafiya, a can filin jirgi, wurin duba fasfo, aka tambaye ta gun wa za ta. Ba ta iya ƙarya ba, ta ce gun mijinta. Aka ce ina Buku Nikah? Babu. Aka duba katin ɗan ƙasarta, wanda suke kira KTP, an rubuta "belum kawin", wato ba ta yi aure ba. Takardar haihuwar yarinyar kuma sunan uwa kaɗai ke jiki. Baki ya ce matar aure, kati ya ce budurwa, fom ya ce ba ta san kowa ba. Jirgi ya tashi ya bar su. Da dare surukina ya kira ni, ya ce, "Ɗana, na ba ka 'yata da hannuna, amma ba za ta sake zuwa filin jirgi ba sai da littafinta." Ban da "to Baba" ba abin da na iya cewa.

Da farko na yi fushi da ma'aikatan nan, amma daga baya na gane aikinsu suka yi. Ƙasar ta sha fama da masu yaudarar mata su fitar da su aikatau ba bisa ƙa'ida ba, har a 2015 gwamnati ta dakatar da tura 'yan aikin gida zuwa ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Sannan kada mu ɓoye wa kanmu, a 2015 da 2016 an zartar da hukuncin kisa a kan wasu 'yan Nijeriya a can saboda safarar miyagun ƙwayoyi. Saboda haka mace ita kaɗai da goyo, za ta Ikko gun namijin da ba takarda tsakaninsu, dole a tsaya a duba.

Sai da na koma, muka shiga kotun addini da waliyyi da shaidun nan biyu, alƙali ya tabbatar da auren, sannan KUA ta ba mu littafi, aka gyara katinta da takardar iyali da ta haihuwar yarinya. Wata goma sha ɗaya abin ya ci. A 2017 suka iso. Abin da ya fara ba ta dariya a Agege shi ne ganin Indomie a kowane shago, don taliyar daga ƙasarsu ta samo asali. Hajiya ta rungume takwararta, ta sa wa surukarta albarka. Bayan wata huɗu Allah ya yi mata rasuwa. Har gobe in na tuna cewa sakacina ya kusa sa ta tafi ba ta gan su ba, sai jikina ya yi sanyi.

To jama'a, ga abin da na koya. Duk ma'aikacin da ke duba takardar bizar ziyara, a ko wace ƙasa, abu biyu yake son ya sani. Shin abin da aka rubuta gaskiya ne? Shin in ta shiga za ta fita? Amurka ma a dokarta ta rubuta shi ƙarara, a sashe na 214(b), cewa duk mai neman bizar ziyara ana ɗaukarsa mai niyyar zama ne har sai ya nuna ba haka ba. Duk tarin takardun nan amsar tambayoyin nan biyu ne.

Na farko, gyara aurenka kafin ka nemi biza. Masu uwargida a gida su buɗe kunne a nan: dokarsu ba ta yarda a ƙara aure ba sai da izinin kotu, kuma cikin sharuɗɗan akwai amincewar matar farko. Ni abin ya zo mini da sauƙi ne don ba ni da wata matar. Wanda ya ɓoye uwargida ya ce shi tuzuru ne, ya sani ya ɗaura wa kansa dutse. Wanda kuma bai riga ya aura ba, yana son ta zo ta ga danginsa tukuna, to ya rubuta hakan yadda yake, da sanin iyayenta, in da hali ta zo da muharraminta.

Na biyu, suna ya zama iri ɗaya a ko'ina. Da yawa daga mutanen can suna ɗaya tal gare su, ba sunan uba. Kada ka ƙara mata naka a fom ko a tikiti don abin ya yi kyau. Yadda yake a fasfo, haka za a rubuta, harafi da harafi. Takardun da ke cikin harshensu kuwa a kai wa mai fassara da hukuma ta rantsar.

Na uku, in nan gida za ta zo, kai ne mai masauki. Ka rubuta takardar gayyata da sunanka da adireshinka na gaskiya, ka ce ka ɗauki nauyinta har ta koma, ka haɗa da hoton shafin fasfonka. Fasfonta ya kasance da sauran aƙalla wata 6, da tikitin zuwa da komawa, da katin allurar shawara. Daga 1 ga Mayu 2025 an koma neman bizar gajeren zama ta intanet, an daina wadda ake nema a buga a filin jirgi. A shekarar ce kuma gwamnati ta sanar da tarar dala 15 a kan kowace rana ga baƙon da ya wuce wa'adinsa. Kada daɗin biki ya sa a manta da kwanan wata.

Na huɗu, in Turai za ku, aikin ya fi tsauri. Mu ma an taɓa hana mu sau ɗaya, lokacin da za mu sunan ɗan ƙanena. Laifina ne kuma: saura sati biyu a kai takardu na zuba kuɗi masu yawa a asusunta na banki, wanda da ma ba a saba ganin irinsu a ciki ba. Ma'aikaci ba yaro ba ne, ya san kuɗin aro in ya gan su. Karo na biyu sai na rubuta cewa ni zan biya komai, na kawo takardun bankina na wata 6 da na rajistar kasuwancina. Ita kuma ta kawo shaidar shagon da take riƙe wa mahaifinta da ta makarantar yarinya, wato abubuwan da za su mayar da ita gida. Tambarin shiga da fita na Malesiya da Singafo, inda mutanensu ke zuwa ba biza, shi ma ya taimaka, don ya nuna ta saba fita ta dawo. Aka ba ta. Ƙasashen Shengen suna ba da kwana 90 cikin kowane kwana 180, suna neman inshorar lafiya ta Yuro 30,000, kuɗin biza kuma ya koma Yuro 90 a watan Yunin 2024. A ƙasar da take zaune za ta nema, kuma ana iya kai takardu tun saura wata 6 a tafi.

Na biyar, ku guji mai cewa yana da hanya. Ba ɗan tsakanin da ke da ikon ba da biza. In ya cusa takardar jabu a cikin naku, ba sunansa za a rubuta a kundin masu ƙarya ba, na matarka za a rubuta. In an hana ku, ku karanta dalilin da aka bayar, ku gyara shi, sannan ku koma. A sabon fom kuma, inda aka tambaya ko an taɓa hana ta, ku ce e.

Akwai wanda ya tambaye ni, me zai hana ta karɓi fasfon Nijeriya a huta? Gaskiya ne, sashe na 26 na tsarin mulkin 1999 ya ba matar ɗan Nijeriya damar neman zama 'yar ƙasa. Amma Indunisiya ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba, in ta karɓi namu ta saki nata, sai ta koma baƙuwa a gidan ubanta. Yara ne dokarsu ta 2006 ta yarda su riƙe biyu har shekara 18, sannan a ba su shekara 3 su zaɓi ɗaya. Wannan shawara ce da za a yi da ita da iyayenta, ba a yanke ta saboda biza.

Daga ƙarshe ina roƙon kwamiti, in zai yiwu, duk yaronmu da zai yi aure a waje ya zo ya zauna da dattawa tukuna. Mu da muke zaune a garin wasu mun fi kowa sanin mene ne baƙunta. 'Yar mutane da ta bar iyayenta a wata duniya saboda kai, amana ce, kuma takardunta na cikin amanar.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ya yafe mini. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ƙara haɗa kan ƙungiyarmu.